Jitar Kamilu a Filin Kokawar Shagari

A Dandin Mahe aka yi wa Kamilu dariya, ranar kokawar farko ta bayan girbin gero, kuma dariyar ba ta tsaya a can ba, sai da ta biyo shi har Boɗinga. Kwana uku, duk sanda ya ratsa ta tasha, sai wani direban keke ya matse murya ya yi "ƙiiii", sauran su kwashe da dariya.

Gidansu gidan makaɗa ne tun kakanni. Mahaifinsa ne ke riƙe da babbar ganga a duk kokawar da za a yi daga Dingyaɗi zuwa Shagari, da ya rasu sai ƙanensa, Baffa Ladan, ya karɓi ƙungiyar. Shi ma Kamilu da kalangu a hammata ya taso. Amma ya je cirani Agadas ya shekara shida, ya zauna gida ɗaya da wasu Buzaye masu kaɗa jita, ya dawo da wata jar jita ta lantarki da amfilifaya mai hannu kamar akwatin tafiya. A can ne kuma ya fara sauraren kiɗan nan mai nauyi na ƙasashen waje, wanda jita ke ruri kamar injin niƙa. Abokansa suna cewa hayaniya ce kawai. Shi kuwa, duk sanda ya saurara, gangar kokawa yake ji a ciki, irin bugun da ke sa ƙato ya miƙe ya fara karkarwa. Tun daga nan ya ƙudura cewa wata rana sai ya haɗa su biyun a fili ɗaya.

Sai da ya yi shekara biyu yana roƙo kafin Baffa Ladan ya bar shi ya zauna cikin makaɗa a Dandin Mahe. Da aka saki ganguna, jitar ta ɓace ɓat. Yatsunsa suna gudu a kan tsirkiya, amma ko shi da ke riƙe da ita ba ya jin komai. Ya murɗa sauti, sai zuzar janareta ta cika lasifika. Ya ƙara murɗawa, ya taka ɗan akwatin da ke kausasa sauti, sai jitar ta saki wani siririn ihu mai tsaga kunne. Wani ɗan kokawa da ya riga ya sunkuya zai kama abokin karawarsa ya miƙe tsaye, ya waiwayo, ya ce, "Wa yat taka ɗan kwikwiyo?" Fili ya ɗauka. Baffa Ladan bai ko dube shi ba, da gular gangarsa kawai ya yi masa nuni ya kashe.

A mota, suna dawowa, tsohon ya yi magana yana kallon hanya.

"Kamilu, ba ni hana ka abinka. Amma wagga aba ta ɗaki ta. Kai ta gidan biki, mata su ji daɗi. Hilin maza, ganga ka magana."

"Baffa, a ƙara mani dama guda. Kokawar Shagari."

"Sati ukku ya rage. In ta yi wanga kuka a Shagari, ba kai ɗai za a yi ma dariya ba, had da ni da hurhurata."

"In ta yi, ni da kaina za ni rataye ta."

Baffa Ladan bai ce e ba, bai ce a'a ba. A wurinsa wannan ma amsa ce.

Tunanin Kamilu na farko shi ne ya nemo babbar lasifika. Da wannan shawara ya je wurin yayarsa Hauwa'u, wadda ke koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, ranar da babu aiki kuma ta zauna a tsakar gida tana gyara fitilun sola da rediyon maƙwabta. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ya miƙo jitar. Ta kwantar da ita a kan tabarma, ta kwance sukurorin farar robar da ke fuskarta, ta ɗaga.

"Ko lasifikar 'yan siyasa ka ɗauko, abin da anka ba ta shi za ta hwaɗi," in ji ta. "Matsalarka ga ta nan."

Ta nuna masa wasu sirara guda uku da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiya, waɗanda masu jita ke kira fikof. Kowanne maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla mai sirantar gashi. Su ne kunnen jitar: tsirkiya ta motsa, su ji, su aika wa amfilifaya. Nasa masu naɗi ɗaya ne, an yi su don kiɗa mai sanyi. Abin da suke aikawa kaɗan ne, kuma duk wata zuza ta janareta kwashe ta suke yi.

"Abin da kaka bukata mai naɗi biyu na, mai ƙarhi. Naɗi guda shina kashe zuzar guda, sautin kuma ya hito da ƙirji."

"Yaya, ina za ni samu wanga a Boɗinga?"

"Kai da ka yi yawon duniya kaka tambaya ta?"

Sai ya tuna da Ubaidullahi, abokin ciraninsa, wanda yanzu ke sayar da kayan kiɗa na gwanjo a Sakkwato. Ya kira shi a waya. Ranar Asabar da hantsi sai ga Ubaidullahi ya sauka daga bas da fikof uku a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ya ce a gwada duka, wanda ya dace a riƙe, sauran ya koma da su.

Na farko baƙi ne sumul, ba ko ƙwarzane, yana aiki da ɗan batir. Na biyu ƙato ne mai murfin ƙarfe yana walƙiya. Na uku kuwa, Ubaidullahi ma da ɗan jin kunya ya warware shi: robarsa ta koɗe, kunnensa ɗaya na ɗaurin sukuru ya karye, an cire shi ne daga wata jita da ta tsage a hanya.

Hauwa'u ta ɗauko mitarta ta auna naɗin kowanne. Tsohon na Kamilu ya nuna shida. Mai murfin ƙarfe ya nuna sha bakwai. Koɗaɗɗen ya nuna sha uku.

"An gama magana," in ji Kamilu, idonsa na kan mai walƙiya. "Sha bakwai."

"Mita tsawon waya taka aunawa," Hauwa'u ta ce. "Ba ta da kunne."

Ta yi dabara ta sa wa wayoyin jitar 'yan maƙalai, yadda za a iya cire wannan a sa wancan ba sai an narka dalma kowane lokaci ba. Mai batir aka fara gwadawa. Shiru yake kamar ruwan randa, ba zuza ko kaɗan, kuma yana da ƙarfi. Ubaidullahi ya yi ta yabonsa. Kamilu ya taɓa tsirkiya a hankali, ya saurara. Ya doke ta da ƙarfi, ya saurara. Ya ɓata fuska.

"Na lallaɓa shi, na mare shi, amsa guda ya ba ni. Ni makaɗi na. In za ni kira mutum hili, da raɗa nika hwarawa kahin in yi tsawa. Wanga bai san raɗa ba."

Aka ajiye shi gefe. Da aka sa mai sha bakwai kuwa, ɗakin ya cika har kwanonin da ke jere a kan kabad suka ɗauki rawa. Inno, mahaifiyarsu, ta leƙo daga madafi tana salati. Kamilu ya yi ta kaɗawa yana dariya shi kaɗai. Wannan ne sautin da ya yi shekaru yana ji a kansa.

Hauwa'u ta bari ya gaji, sannan ta ce, "A ɗaki za a yi kokawar?"

Ta nuna jitar, ta ƙara da cewa:

"Wanda za ya zauna da ganga, gaban ganga aka gwada shi."

Zuwa wurin Baffa Ladan da wannan roƙo ya fi komai yi masa nauyi. Ya durƙusa a zaure ya yi bayani, tsohon yana ɗaure tsarkiyar kalangu bai ɗago ba. Amma washegari da safe, da suka isa wani fili a bayan gari kusa da gonakin albasa, suka tarar ya riga su, shi da makaɗansa biyu, suna zaune a inuwar dogon yaro.

Aka tayar da janareta. Kamilu ya sa mai sha bakwai, ya koya wa Ubaidullahi wani gajeren bugu, ya miƙa masa jitar, shi kuma ya taka zuwa can ƙarshen fili, inda 'yan kallo za su tsaya. Ya ɗaga hannu. Ganguna suka tashi, jita ta bi.

Ya kasa kunne. Akwai wani abu a ƙarƙashin gangunan, wani gurnani mai kauri, amma ba za ka ce ga farkonsa ga ƙarshensa ba. Duk ƙarfin nan da ya girgiza kwanonin Inno a wuri ɗaya yake zaune da babbar ganga, gangar kuma ta haɗiye shi, shi ma ya dagula mata murya. Kamar an zuba kunu a cikin fura. Ya dawo a hankali.

"Sa koɗaɗɗen, Yaya."

Ya sake komawa ƙarshen fili. Wannan karon, bugun farko ma sai da ya ji shi a haƙoransa. Sautin bai kai na farko kauri ba, amma a tsuke yake, yana da kaifi, kowane bugu yana tsayawa cak inda aka tsayar da shi. Ya bar wa babbar ganga ƙasa, ya bar wa kalangu sama, ya shige tsakaninsu ya zauna daram. Kamilu ya rugo da gudu, ya karɓe jitar, ya shiga kaɗa taken noma da mahaifinsa ke so. Baffa Ladan, wanda ya ce bugu kaɗan zai yi ya tafi, bai tsaya ba. Har ya fara ba jitar amsa: ta faɗa, ya mayar, ta faɗa, ya mayar. Masu ban ruwan albasa suka bar injinansu suka matso bakin fili.

Daɗi ya kwashi Kamilu, ya murɗa sauti har ƙarshe. Nan take ihun nan ya dawo, siriri, mai tsaga kunne.

Baffa Ladan ya sauke gula. "Ga ta nan kuma." Ya rataya gangarsa, makaɗansa suka bi shi.

Ubaidullahi ya dafa kafaɗar Kamilu. "Abokina, ɗauki mai sha bakwai. Ba ya ihu. Ko ba a ji ka sosai ba, ba mai yi maka dariya."

Kamilu ya daɗe yana kallon fikof biyun. Gaskiya abokinsa ya faɗa. Da mai walƙiya zai je Shagari ya dawo lafiya, ba yabo ba zagi, ya zauna cikin makaɗa kamar babu shi.

"Ba don in ɓoye nika son zuwa ba," ya ce. "Wanga nika so. Baffa ya amsa mashi, kun gani da idonku. Yaya, mi ka sa shi kuka?"

Hauwa'u ta ɗauki koɗaɗɗen, ta ƙwanƙwasa shi da farce yana haɗe da amfilifaya. Lasifika ta ce ƙwas, ƙwas. Ta yi murmushi. Ta ce naɗin wayar ne ya saki saboda tsufa da wahalar hanya. In sauti ya yi yawa sai wayar ta riƙa rawa da kanta, rawar ce ke zama ihu. In aka hana ta motsi, shi ke nan.

Da la'asar ranar, ta sa aka samo kakin zuma da kyandir. Ta narka su a gwangwani, gwangwanin kuma a cikin tukunyar ruwan zafi, don kada wuta ta taɓa shi kai tsaye. Inno tana tsaye tana mita, wai tukunyar miyarta aka mayar ta maƙera. Hauwa'u ta ɗaure fikof ɗin da zare ta zura shi cikin kakin. Ƙananan kumfa suka riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya, iskar da ke ɓoye cikin naɗin ce ke fita. Kamilu ya tsuguna yana kallo har kumfar ƙarshe ta fashe. Da ya huce, ta goge shi, ta gyara karyayyen kunnen da guntun ƙarfe, wani kafinta ya faɗaɗa masa wurin zama a jikin jitar kusa da gindin tsirkiya, aka liƙe wayoyi da dalma.

Suka fito da amfilifaya tsakar gida. Kamilu ya murɗa sauti har ƙarshe, ya taka akwati, ya cire hannunsa daga tsirkiya, ya jira. Shiru, sai ɗan huci kamar numfashin mai barci. Ya doki tsirkiya. Kajin gidan suka watse.

Sauran kwanakin ya yi su ne a bayan gari. Ya sa tsirkiya masu kauri, ya sassauta su har muryar jitar ta sauko daidai da muryar gangar Baffa. Ya bi taken 'yan kokawar yankin ɗaya bayan ɗaya yana neman yadda kowanne zai zauna a jita, har kan yatsunsa suka fashe suka warke. Bai sake zuwa roƙon Baffa ba. Ana jibi kokawa, tsohon ya aiko a gaya masa mota za ta tashi bayan azahar, kuma kada ya sa a jira shi.

Filin Shagari ya cika tun kafin la'asar. Mutanen Dandin Mahe sun zo, kuma da suka ga ana sauke jar jita daga mota, sai aka fara zunɗe. Kamilu ya ji wani ya yi "ƙiiii" a bayansa. Ya haɗa wayoyinsa bai waiwaya ba. Hauwa'u tana can gefen mata da 'yar jakar kayan aikinta a cinya.

Baffa Ladan ya ce masa, "Kak ka taɓa ta sai na dube ka da ido." Aka yi karawa huɗu, biyar, yana zaune hannu a kan tsirkiya. Ya fara zaton tsohon ya fasa.

Sai aka zo babbar karawa. Wani baƙon ƙato da ya zo daga arewa ya kayar da mutum uku a jere, ya tsaya tsakiyar fili yana zagayawa, ba wanda ya fito. Duk ido ya koma kan Ɗanliti na Dingyaɗi, wanda shekara biyu ke nan bai shiga fili ba tun da ya gurɗe a gwiwa. Yana zaune cikin mutanensa, kansa a ƙasa. Baffa Ladan ya saki taken Ɗanliti. Ɗanliti bai motsa ba. Ya sake saki, maroƙi yana zuba kirari har muryarsa ta dushe. Ɗanliti ya girgiza kai.

A nan ne Baffa Ladan ya juyo ya dubi Kamilu.

Bai fara da tsawa ba. Ya danne tsirkiya da gefen tafinsa, ya riƙa fitar da taken a ƙasa-ƙasa, dum, dum-dum, kamar takun wani babban abu da ke tahowa daga nesa. Surutun fili ya fara raguwa. Mutane suna waige-waige suna neman inda abin ke fitowa. Ya ƙara kaɗan. Kalangu ya shigo. Ya ƙara. Da ya kai gaɓar da ake kiran sunan mai take, sai ya ɗaga tafinsa, ya taka akwati, ya saki jitar gaba ɗaya, babbar ganga ta faɗo tare da ita a bugu ɗaya.

Kamilu ya ji abin a ƙashin ƙirjinsa. Jitar tana kiran Ɗanliti da baki kamar mutum, ganga tana amsawa, ba wadda ta danne wata. Ya ga kafaɗun Ɗanliti sun fara rawa. Ya ga ya ɗago kai. Sannan Ɗanliti ya yi wata irin kururuwa, ya miƙe, ya fizge rigarsa, mutum biyu suna riƙe shi yana jan su har tsakiyar fili.

Karawar ba ta daɗe ba, ko da yake a wurin Kamilu kamar yini ce. Suka sarƙe, baƙon ya nemi gwiwar nan mai ciwo, Ɗanliti ya tangaɗa har mata suka yi salati. Kamilu bai san sanda ya miƙe tsaye ba, yana dukan tsirkiya, ƙaramar ta tsinke ta tsaga masa yatsa, ya ci gaba da biyar ɗin da suka rage. Ɗanliti ya dafe, ya sunkuya, ya shiga ƙarƙashin baƙon, ya ɗaga shi sama ƙafafu na lilo, ya juya ya shimfiɗa shi a ƙasa.

Fili ya fashe. Aka ɗauki Ɗanliti a kafaɗa, amma ya ce a sauke shi gaban makaɗa. Ya durƙusa wa Baffa Ladan, sannan ya kama hannun Kamilu mai jini ya ɗaga sama yana juyawa da shi kowace kusurwa. Guɗa ta tashi daga gefen mata, Kamilu kuma ya gane muryar yayarsa a ciki, ita da bai taɓa jin ta yi guɗa ba.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wasu dattawa biyu sun naɗe buzunsu tun ana tsakiyar kiɗa, ɗaya yana cewa an lalata kokawa da kayan Nasara. Mai kalangun ƙungiyar ma ya ɗaure wa Kamilu fuska. Baffa Ladan kuwa ya yage gefen rawaninsa ya miƙa masa.

"Ɗaure yatsan. Wurin shiga na biyu ka yi gaggawa, ka riga ni da bugu guda. Gobe da sahe ka zo mu gyara."

Rana ta yi ja, ana naɗe wayoyi, sai ga wani tsoho ya ratso mutane yana dogara sanda. Faɗin kafaɗunsa kaɗai ya isa ya gaya maka abin da ya yi da ƙuruciyarsa. Baffa Ladan ya miƙe da sauri ya gaishe shi: Ɗanbaba ne, wanda ya yi zamaninsa a filayen nan tun Kamilu ba a haife shi ba.

"Ladan," in ji tsohon, "wagga aba ta ɗanka, ta san take na?"

"Ba ta sani ba, Baba. Amma tana da saurin koyo."

Baffa Ladan ya matso kusa da kunnen Kamilu ya rera masa taken da baki, sau biyu. Kamilu ya sa aka sake tayar da janareta. Ya nemo shi a kan tsirkiya biyar, ya yi kuskure, ya sake, ya samu. Waɗanda suka fara tafiya suka tsaya.

Ɗanbaba ya saurara ido a rufe. Sannan ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa, ya gyara tsayuwa, ya buɗe hannuwa, ya taka zuwa tsakiyar fili da ƙafarsa.